Ba a Mayar da Kwano Wofi

Tun ranar da aka yi maganar nan a buro, wato ofishin ƙungiyar agajin da nake wa aiki, na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Wata yarinya ce cikin sababbin ma'aikatanmu, mai hankali da ƙoƙari, ta juyo mini da fuskar ordinater ɗinta, kwamfuta ke nan, ta ce, "Tanti, waɗannan sun daɗe ba su ba ƙungiya komai ba. In share su? Suna cika mana wuri." Na duba, sunayen mutane ne, kowanne an shafa masa launin toka, alamar wai ya yi barci. Na ce ta dakata tukuna. Ta dakata, amma na ga a idonta tana jiran dalili, ni kuwa dalilin da nake da shi ba irin wanda injin ke karɓa ba ne. Dalilina kwano ne, fari mai murfi da zanen jan fure, bakinsa ya ɗan ɓantare. Yana can ɗakina naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Kuma ba nawa ba ne.

A Tamanrasset, can cikin sahara a ƙetaren iyakar ƙasarmu, na yi 'yanmatancina, a unguwar Gataa El Oued, inda iyayena suka sauka daga Damagaram da niyyar su yi shekara guda su koma, har furfura ta cim musu a nan. Gari ne na masu jira. Wani na jiran mota, wani na jiran takarda, wani na jiran ɗan'uwan da ya yi arewa ya aiko da labari. Ko mai mata da 'ya'ya in ka tambaye shi sai ya ce yana nan dai kafin Allah ya yi. Da asuba ba zakara ke tashe mu ba, ƙarar shebur ce a kan tsakuwa, da bugun ƙarfen da ake yin bulo da shi, da muryoyin samari 'yan ƙasarmu da ke tsugune a bakin hanya, hannu a hammata saboda sanyi, suna jiran mai ginin da zai tsaya da mota ya nuna su da yatsa. Can da hantsi motar ruwa ta danna hon, unguwa ta kaure da ƙarar bido-bido, jarkokin ɗiban ruwa, mata na gudu suna kiran juna da Hausa da Buzanci da Larabci. Ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne a lokacin, wadda ta wanke shinkafa ta zubar da ruwan a ƙasa sai an yi da ita. Da yamma duwatsun da ke kewaye da gari su yi ja kamar an hura garwashi, ni kuma in hau soro in zuba musu ido. Na gama lise, wato sakandare, na ci bak, jarrabawar fita, ina jiran wata takarda da za ta ba ni damar ci gaba da karatu a arewa, takardar kuwa kullum sai a ce gobe. Ban iya zama ba, ban iya tafiya ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in buɗe littafi in yi ta maimaita layi ɗaya. Innata ta gaji da sintirina, ta ce, "Ke ɗiyar nan, gangar jikinki kawai ke gidan nan, ranki na bayan duwatsu. Tunda ƙafarki ba ta zama, zo in kai ki inda ake neman ƙafa." Ta kama hannuna ta kai ni gidan Gwaggo.

Ba ƙanwar babana ba ce, unguwa ce duka ke kiranta haka. Mutuniyar Tasawa ce, doguwa mai jiki, tana ɗingishi da ƙafar hagu, ta yi shekaru tana sayar wa direbobin kamyo, manyan motocin kaya, tuwo kafin mijinta ya rasu. Ita da wasu mutanen unguwa suka haɗa ƙungiya, suka kama hayar wani gida mai 'yan ɗakuna da tankin siminti a tsakar gida, don matan da hanya ta karya. Akwai wadda zazzaɓi ya kayar a cikin sahara aka sauke ta a tasha, akwai wadda naƙuda ta kama ba ta da kowa, akwai wadda aka sallama daga asibiti ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta. Ƙungiyar na da dogon suna a jikin takarda, amma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi ba sai Mushe. Shi ne magatakardanmu, Mushen kuwa laƙabin malaman boko ne, tsohon malamin lekkol daga Agadas, siriri kamar sillen kara, da tabarau ɗaure da zare. Shi ke shiga buro-buro, shi ke rubuta wa manyan ƙungiyoyi neman taimako, shi ke jiran amsa. Shi ma dai mai jira ne.

Amsar ba ta cika zuwa ba, amma gidan bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma kwanoni ke ciyar da shi. Ran Alhamis matan da suka ji sauƙi su zauna a inuwar katanga, ana murza alkaki, ana dakan dakuwa, mai na ƙara a kasko, ƙamshi na fita har titi. Ran Juma'a da safe a jera kwanoni masu murfi, a zuba wa kowanne, a ɗaure da ƙyalle, ni in ɗauka in shiga gari. Aikina ke nan. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a mayar da kwano wofi. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci, ko ɓarin goro ne sai kin jefa a ciki kafin ki mayar. A kan wannan Gwaggo ta gina gidan. Ban taɓa jin ta ce da wani ba ni ba.

"In kin je," in ji ta, "ki gaida mai gida, ki gaida matar gida, ki tambayi yaron da aka ce yana tari wancan mako, da sunansa. In an ce ki zauna ki zauna, kada ki riƙa kallon ƙofa kamar akuyar da aka ɗaure. In an tambaye ki gida ki faɗi gaskiya, kada ki ƙara mata gishiri don a ji tausayinmu, kada ki rage don a ce mun iya. Kuma kada ki fito ba ki gaya wa mutum inda abinsa ya tafi ba. Ki ce masa matar da ta sha maganinka ta tashi, jiya da kanta ta yi wanki. Ki tafi da kanki a miƙe, ɗiyata. Ba bara kika je ba, ba kuma alfarma kika je yi wa kowa ba."

Kwanonin su dawo, kowanne da halin mai shi. Wani cike da shinkafa, wani da sabulu, wani da 'yar takardar kuɗi a ninke ƙarƙashin murfi. Wani Balarabe mai shagon magani yakan cika nasa da auduga da ƙwayoyin zazzaɓi. Wani tela Bakano yakan cusa 'yan rigunan jarirai da ya ɗinka da ragowar yadi. Akwai wani dattijo mai lambu a Mertoutek da ke saukowa gari jifa-jifa, nasa kwanon sai ya yi watanni a duwatsu, har a manta, sai ga shi wata rana cike da busasshen ɓaure. Kuma duk girman kwanonin ɗaya ne. Gwaggo ba ta yarda a yi wa mai kuɗi babba ba.

Mushe bai taɓa barin ta ta huta ba. In ya ga ana jera kwanoni sai ya gyara tabarau ya ce, "Gwaggo, wannan fa roƙo ne aka sa wa murfi."

"To kai ma sa wa naka murfi mu gani," in ji ta. "Kullum kana lasar tambur kana manna wa wasiƙa, har harshenka ya yi kaushi, ko sannu ba a ce maka ba."

"Wata rana za a amsa."

"Ran da aka amsa ka zo in ba ka alkaki a babban kwano."

Matan gidan su yi ta dariya, har wadda ɗinki ke cikinta ta riƙe ciki tana cewa a daina. Yanzu a buronmu saƙo ɗaya muke aika wa mutanen da ba mu taɓa ganin ƙofar gidansu ba, duk a lokaci guda, kuma injin ne ke yi musu godiya tun kafin mu san sun bayar. Ba na raina wannan. Abin da muke tarawa a wata ɗaya gidan Gwaggo bai taɓa mafarkinsa ba, kuma mata da yawa sun rayu ta dalilinsa. Sai dai ban san wanda ɗansa ke tari ba. In mutum ya daina bayarwa ban san ko fushi ya yi, ko tafiya, ko kuwa gini ne ya faɗo masa.

A cikin masu karɓar kwano akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi, mai rumfar atamfa a Kasuwar Assihar. Tun daga bakin kasuwa ake jin dariyarsa, ta fi ƙarar rediyoyin masu kaset. Shi ya ɗauki nauyin ruwan gidan Gwaggo. Kwanonsa yakan dawo da 'yan dabino kawai, da saƙon baki cewa a buɗe tanki gobe, gobe kuwa motar ruwa ta tsaya a ƙofarmu ta cika shi fal. In ya hango ni tafe da ƙunshina sai ya ɗaga murya, "Ga Malama mai bak! Yaushe za ki tafi jami'a ki bar mu da jahilcinmu?" In ce, "Alhaji, takarda ce ba ta fito ba." Ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara mata nauyi, mu dai mu ci alkaki." Matarsa mai sanyin magana ce, gwanar lalle, Yaya nake ce mata. In na kai kwano gida takan kama hannuna ta zana mini ɗan reshe a bayan yatsa, ta ce kada in motsa sai ya kama. A garin nan duka, nan ne kawai nake iya zama shiru.

Sai wata rana labari ya shigo kasuwa cewa kamyon da ya ɗauko kayan Alhaji daga kudu ya kama wuta a tsakiyar hanya. Mutane sun tsira, kaya ko zare bai fita ba, ga shi har da na amanar wasu a ciki. Alhaji ya sayar da rumfa, ya sayar da abin da ke gida, ya sallami masu kaya. Da Gwaggo ta ji, ta zauna ta yi kuka, sannan ta tashi ta ɗora kasko ba ranar Alhamis ba. Da hannunta ta murza alkakin, ta tsoma shi a zumar da take ɓoyo don masu jego, ta cika farin kwanon nan mai jan fure har murfi ya ƙi rufuwa. Ta ce in kai masa jaje. Na same shi zaune a kan tabarma a tsakar gidan da aka kwashe, inda kujeru suke a da sai sawunsu a ƙasa. Na durƙusa na miƙa. Ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya ce, "Ki ce wa Gwaggo na gode." Bai kira ni Malama mai bak ba.

Kwanon bai dawo ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Muka ji sun tashi daga gidan, ba wanda ya san inda suka koma. Tanki ya yi ƙasa har muna jin ƙarar guga a kan siminti, muka koma bin motar ruwa da bido kamar kowa. Sanyi ya shigo, irin na garin nan mai tsaga leɓe. Wata safiya na hango shi a bakin hanya cikin samarin da ke jiran aikin gini, ya naɗe fuska da rawani sai ido, amma kafaɗunsa ba su ɓuya ba. Ina ɗaga hannu ya juya ya shige lungu. Na gaya wa Gwaggo, ta ce, "Laifi muka yi masa?" Abin ya tsaya mata a rai, ta riƙa maimaita tambayar ko tana tankaɗe.

Wata mai sayar da kunu ce ta kawo sauran labarin. Ta ce an yi wa matar Alhaji aiki a asibiti an sallame ta, tana kwance a wani kangon gini a ƙarshen unguwa, inda aka ba Alhaji gadi yana kuma ɗaukar bulo da rana. Ɗakin ba ƙofa sai buhu, zazzaɓi na kama ta, kuma babu mace ko ɗaya a kusa da ita. Ta ce ya roƙe ta da Allah kada ta gaya wa Gwaggo, amma ita ba za ta ɗauki alhakin rai ba. Mushe ya ɗauki hularsa ya tafi, ya ce magana ce ta maza. Bai daɗe ba ya dawo. Ya ce Alhaji ya tare shi a waje, ya ce lafiya lau suke, ta ji sauƙi, a gaida mutanen gida.

Mushe ya zauna a bakin tanki ya cire tabarau. Ban taɓa ganin ya yi wa Gwaggo magana ba da wasa ba sai ran nan.

"Gwaggo, kin tambaya ko laifi muka yi masa. Ke kika ɗaure shi."

"Ni? Da alkaki?"

"Da kwano. Kin aika wa mutumin da ba shi da ko ƙwayar dabino kwanon da ba a mayarwa wofi. Na leƙa, yana nan a kan bulo, a wanke, an kife shi. Kullum ya buɗe ido shi yake fara gani. Ba zai iya kawo shi haka ba, ba zai iya zuwa babu shi ba. Ta ina zai shigo gidan nan ya ce ga matata?"

"Jaje na yi masa, Mushe."

"Na sani. Kwanon ne bai sani ba. Shi abin da ya saba faɗa ya faɗa."

Na zaci za ta yi faɗa, don ba a saba gaya mata ta yi kuskure ba, balle a kan abin da gidan ke tsaye a kansa. Sai ta ce, "Ka yi gaskiya, ɗan lekkol." Ta tashi ta kama zagaye tsakar gida da ɗingishinta, daga tanki zuwa murhu, daga murhu zuwa zaure, ita da kullum ke ce mini in nemi wuri in zauna. Ni ma na kasa zama. Ina tuna hannun Yaya mai sanyi a kan nawa, ina tuna buhun da aka ce shi ne ƙofarta. Wata ta ce a je a ɗauko ta da ƙarfi. Gwaggo ta ce in an yi haka an ceci matar an kashe mijin a tsaye, kuma ita matar ba za ta yarda ta fito ta bar shi da kunya ba. A ɗakin ƙarshe jaririn da wata baƙuwa ta haifa a gidan ya tsala kuka, washegari za a raɗa masa suna. Gwaggo ta tsaya cak tana saurare. Sannan ta ce da ni, "Ɗauko mayafinki."

Tafiyar ta yi mata nisa. Muka bi ta bakin busasshen rafi, muka ratsa gidajen da ba a gama ba, ƙarafuna tsaye a kansu kamar kara bayan girbi, tana tsayawa tana dafa kafaɗata tana hutawa. La'asar ta yi sanyi lokacin da muka isa. Ta yi sallama da ƙarfi, kamar mai shiga gidan biki. Alhaji ya fito, siminti har gwiwar hannu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan mu sai ya sunkuyar da kai, ya fara jero gaisuwa yana tare ƙofa da jikinsa.

"Alhaji, ba zama na zo ba," in ji Gwaggo. "Aro na zo."

"Aro? A wurina, Gwaggo?"

"Gobe suna a gidan, kwanoni sun yi mana kaɗan. Na tuna kana da wani fari mai jan fure. Ka ara mini, in an watse in maido maka."

Ya ɗago ya dube ta. "Gwaggo, ai kwanon nan..."

"Naka ne. Ni aro na ce. Ko ka daina ba da aro ne tun da ka bar kasuwa?"

Ya juya ya ɗaga buhun ya shiga. Muka ji suna magana ƙasa-ƙasa da matarsa. Ya fito da kwanon naɗe cikin ɗankwalinta, ya miƙo da hannu biyu. Ni na karɓa. Ba komai a ciki, sai murfi ke ɗan kaɗawa, kuma ba wanda ya ji kunya, don kwanon aro wofi yake tafiya.

"Allah ya saka," in ji Gwaggo. "Saura ɗaya. Mai jegon nan 'yar wajenku ce, ba ta da kowa a garin nan, kuma ba zan bari a yi suna ƙafarta fari fat ba. Waɗannan yaran in sun yi lalle kamar kaza ta taka kwaɓi. Ka ara mini matarka kwana biyu. Ko daga kwance ta nuna musu."

Wani abu ya fito daga ƙirjin Alhaji, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ya goge ido da bayan hannu, siminti ya shafe masa fuska.

"Gwaggo, ke dai ba ki da dama. Kwano, mata, saura me?"

"Saura kai. Wa zai yanka mana ɗan akuyan? Mushe in ya ga jini sai mun yi masa fifita."

A motar wani maƙwabci aka ɗauko Yaya kafin magariba, jikinta kamar garwashi, ɗinkin ya fara ruwa. Mai shagon magani ya zo da kansa ya duba, ya ce da an ƙara kwana kaɗan da sai dai a koma asibiti, in an kai. Washegari tana kwance a kan katifa aka kawo mata ƙafar mai jego, ta zana mata reshe ɗaya, sauran ta bar wa 'yan mata tana yi musu gyara da ido. Kwana biyun nan sai da suka kai ƙarshen sanyi. Kullum da yamma Alhaji ya yi sallama a zaure ya ce, "Na zo duba kayana da aka ara." Gwaggo ta amsa daga ciki, "Ba a gama da su ba."

Alhaji bai sake yin arziki ba, kada a zaci labarin can ya nufa. Ya toshe mana tsagar da ke jikin tanki da ragowar siminti, shi ke nan abin da hannunsa ya kai. Ruwa kuwa sai da Mushe ya bi masu ƙananan rumfuna ɗaya bayan ɗaya, suka haɗu suka ɗauki nauyin motar tsakaninsu, ya ce daga yau kada gidan ya sake rataya ƙishirwarsa a wuyan mutum ɗaya. Gwaggo ma ta sauya. Ba ta bar kwanoni ba, amma duk wanda aka ji masifa ta same shi, a takarda ake ƙunsa masa alkaki, kuma ita da kanta take kaiwa, ta zauna, ta sha ruwan gidan, ta tashi ba ta bar komai da za a mayar ba. Takan ce da ni, "Mai bayarwa mutum ne kafin ya zama mai bayarwa. Ranar da hannunsa ya bushe, ran nan ne za ki san ko shi kike gaisarwa ko aljihunsa."

Da zafi ya fara Alhaji da Yaya suka yanke shawarar komawa Maraɗi. Muka raka su tasha. Kamyon ya yi lodi har sama, mutane zaune a kan buhuna, bido-bido na rataye a gefensa kamar 'ya'yan itace. An ɗora Yaya a gaba kusa da direba, ta leƙo ta kama yatsana ta ce, "Har yanzu ba kya zama?" Na ce ina koyo. Gwaggo ta zo da farin kwanon cike da dabino, ta ɗaga wa Alhaji shi yana can sama.

"Ga aronka, mun gode."

Ya dube shi, ya dube ta, sai dariyar nan tasa ta Assihar ta dawo, har masu lodi suka waiwayo.

"Cewa kika yi in an watse. Ai ba a watse ba tukuna, Gwaggo."

Bai karɓa ba, mota ta tashi. Muka raba wa masu rakiya dabinon, muka koma gida da kwano.

Takardata ta fito daga baya, na tafi, na yi karatun, na yi aure, aiki ya yi ta yawo da ni gari-gari. Gwaggo ta rasu ina nesa. Mushe ne ya aiko mini da ƙunshin kwanon ta hannun wani direba, ya ce ta ce a ba mai ƙafa. An ce yanzu ruwa na zuwa garin ta bututu, yaran unguwar ba su san gudun bido ba, gidan kuma an rushe shi an yi bene. Na yi cigiyar Alhaji da Yaya a wurin duk ɗan Maraɗin da na haɗu da shi, wani ya ce ya san su, wani ya ce kamar sun koma ƙauye. Ban daina tambaya ba.

Yau da safe na koma wurin yarinyar nan. Na ce ta buɗe sunayen masu launin toka, ta nemo mini wanda gidansa ya fi kusa da buro. Ta nemo, wata hajiya ce mai shagon ɗinki, a bayan tasha. Na ce, "Ɗauko mayafinki." Ta dube ni, ta dubi injin, ta ce, "Tanti, me za mu ce mata? Ba mu shirya takardar neman komai ba."

Na ce ba neman komai za mu je ba. A hanya muka tsaya na sayi alkaki, mai tallar ta ɗauko roba mai murfi za ta zuba. Na ce a'a, ta ƙunsa mini a takarda.